Ido Kan Ƙafa, Kunne Kan Ƙwallo

Alƙalanci kaya ne mai nauyi, har an ce wasu magabata barin gari suke yi in sun ji ana shirin ɗora musu shi. Malam Musbahu ya ɗauko nasa a kwas na kwana uku a Katsina, inda ya makara a ranar farko, ya kuma fita ɗaukar hoto a rana ta uku.

Kwas ɗin na wani wasa ne da wata ƙungiya ta kawo wa makarantun 'yan mata, sunansa sofbol. Ba shi da wuyar ganewa. Yarinya ta jefo ƙwallo, wata ta make shi da kulki, ta yar da kulkin ta ruga zangon farko. In ƙafarta ta taka zangon kafin ƙwallo ya shiga hannun mai gadinsa, ta tsira. In ƙwallo ya riga ta, ta fita. Rigimar duk tana wurin da ƙafa da ƙwallo suka iso kusan tare, kuma don wannan ɗan tsakanin aka ƙirƙiri alƙali.

Matar da ta koyar da su ta ce dokar irin wannan hukunci uku ce, ta kuma raba su rana-rana. Ran Litinin ta ce alƙali ya tsaya a gefe, nesa kaɗan, inda ba zai tare wa kowa hanya ba. Ran Talata ta ce tunda ido ba ya kallon wuri biyu, ya sa ido kan ƙafar mai gudu, ya sa kunne kan ƙarar ƙwallo a cikin safar hannu. Ran Laraba ta ce in ya ji ƙarar kada ya yi gaggawa, ya ɗaga kai ya tabbatar ƙwallon yana hannu kafin ya buɗe baki.

Malam Musbahu ta Talata ya samu. Ya riƙe ta kuwa riƙon gado.

Shi malamin motsa jiki ne da aka tura ƙauyen Zakka, a ƙasar Safana, shekara uku da suka wuce, kuma tun ranar da ya sauka daga babur yake neman hanyar fita. Waya ba ta kamawa sai ka hau tudu, kuma ɗakin da yake haya bango ɗaya ne da gidan da ake dakau, tun asuba tabarya take tashinsa. Sai ga labari cewa za a naɗa jami'in wasanni na shiyya, mai teburi da fanka a cikin gari, kuma Alhaji Yusha'u na ofishin ilimi zai zaɓa tsakanin mutum biyu da suka je kwas, bayan ya kalli wasan 'yan matan Batsari da na Safana. Mutum na biyun ita ce Malama Mahfuza, mai koyar da 'yan Batsari, wadda ta zauna a layin gaba kwana ukun nan tana rubutu kamar za a yi jarrabawa.

A taron shirya wasan, kafin a tambayi wa zai yi alƙalancin zanguna, Malam Musbahu ya riga ya miƙe.

"Wannan aiki na kunne ne," in ji shi, "ni kuwa a gidanmu gadonsa muka yi. Kakana yana kwance a zaure yake faɗin jakin wa ya wuce ta bayan gida."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Malama Mahfuza. "Da yana nan da shi muka ba. Malam, ka dai samu doka ta uku a wurin wani?"

"Wace doka ta uku?"

"Wadda aka faɗa kana waje kana gyara karin hula."

"Malama, wanda ya ƙware a ta biyu ba ya bukatar ta uku. Ta uku an yi ta ne don masu kokwanto. Ke ki ji da 'yan matanki, ki bar shari'a ga masu ita."

"Na bar muku," in ji ta, ta rufe littafinta.

Ya kai wa tela shuɗin yadi aka ɗinka masa riga mai aljihu huɗu. Ya sayi usur, duk da cewa ba a busa usur a wasan, don a ganinsa alƙalin da ba shi da abin ratayawa a wuya ɗan kallo ne kawai. Mako guda ya yi a Zakka yana atisaye a bayan aji, yana dunƙule hannu ya ɗaga sama yana cewa "Awut," wato ta fita, yana baza hannu biyu yana cewa "Sef," wato ta tsira, har wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya yi masa tofi.

Fili ne ya so ya ba da matsala. Na makarantar Batsari maigadi ya shuka gyaɗa a ciki, bai cire ba tukuna. Na Safana kuwa an jibge bulon ajin da aka yi shekara huɗu ana gab da ginawa. Aka rasa wuri mai faɗi da tauri sai masussukar ƙauyen Karare, ta wajen Batsari, kuma lokacin kaka ne. Aka cika buhunan taki da ƙaiƙayi aka ajiye a matsayin zanguna. Safar hannu ta gaske guda uku-uku ƙungiyar ta ba kowace makaranta, shugabannin makarantun suka kulle su a kabad don kada su tsufa kafin masu ƙungiyar su zo dubawa. Saboda haka wani baduku a kasuwar Batsari ya ɗinka wasu da fatar akuya, ya cusa musu auduga saboda tausayin hannun yara, suka fito kamar ƙananan matasan kai.

Ranar wasa Malam Musbahu ya iso da hantsi, ya bar hukuncin jifa ga wani ɗan bautar ƙasa, shi ya zaɓi zangon farko, da yake shi ne daura da rumfar manyan baƙi. Sai ya lura taku ashirin a bayansa akwai turame huɗu da tarin zangarniyar gero, da mata kusan goma. Shugabarsu wata tsohuwa ce siririya mai suna Tasalla, kakar Nazifa mai tsaron zangon farko na Batsari.

"Sannunku da aiki, Iya. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya kaka?"

"Kaka sai godiya. Ya mutan gida?"

"Lafiya ƙalau. Iya, sai dai ku kwashe turamen nan ku matsa. Yau nan wurin shari'a ne."

Tasalla ta dube shi tun daga usur har takalmi.

"Wa ya yi sata?"

"Ba sata ba ce. Wasa ne na ƙasa da ƙasa."

"To mu gero ne na ciki da ciki. Tun ba a haifi wanda ya ɗinka maka rigar nan ba nike sussuka a nan. Ku yi wasanku, ba mu hana ku ba."

Ya so ya ja maganar, sai ga motar Alhaji Yusha'u. Ya ruga ya buɗe masa ƙofa, ya raka shi rumfa, ya karkaɗe masa kujera da hularsa.

"Ranka ya daɗe, yau za ka ga hukunci irin na kimiyya. Ko gashi ɗaya ne tsakanin ƙafa da ƙwallo, zan raba."

"Allah ya nuna mana," in ji Alhaji Yusha'u, mutum mai kaurin jiki da ƙarancin magana, ya baza babbar rigarsa a cinya.

Safana ce ta fara bugu. Ta farkonsu Asta, doguwar Bafulatana da ta saba bin maraƙi a guje, ta make ƙwallo ta taho. Malam Musbahu, da yake ya makara ran Litinin, ya durƙusa daidai bayan buhu, a tsakiyar hanya, ya ƙura wa ƙasa ido yana jiran ƙafa. Ƙafar ta zo da sauran jikin. Hula ta yi gabas, usur ya shige masa baki ya busu da kansa, shi kuma ya yi rigingine a cikin ƙaiƙayi.

"Sef," in ji shi daga kwance.

"Ita dai ta tsira," in ji wani mai tsire a bakin fili. "Kai ne ba mu sani ba."

Ya tashi ya karkaɗe, ya bayyana wa rumfa cewa manyan alƙalai sukan kusanci hukunci har haka. Amma ya matsa gefe.

Daga nan wata matsala ta taso wadda ba a faɗa ran Talata ba. Safar baduku ba ta ƙara. Ƙwallo zai faɗa cikin audugar nan shiru kamar ƙwai a tsumma. Malam Musbahu ya kasa kunne, idonsa kan buhu, bai ji komai ba, sai ƙafa ta taka. Sef. Ta biyu ma sef. Ta uku Nazifa ta riƙe ƙwallo tun mai gudun tana rabin hanya, har ta gaji ta ɗaga shi sama tana nunawa.

"Sef."

"Malam, ga shi fa a hannuna."

"Ban ji shi ba."

"To ka gani mana."

"Yarinya, ba ke za ki koya mini inda ake ajiye ido ba."

Mutanen Batsari suka fara gunaguni, suna cewa dama malamin Zakka ai ɗan Safana ne. A daidai lokacin wata akuya ta gano abin da ke cikin zango na biyu, ta kama bakin buhun ta ja. Yarinyar da ke gudu zuwa can ta iske wuri wayam, ta waiwayo tana tambaya. Malam Musbahu ya yanke cewa zango yana inda buhu yake. Haka yarinya da mai tsaronta suka bi akuya har gindin wata bishiyar bedi, jama'a na ba su shawara. Alhaji Yusha'u ya ciro biro ya rubuta wani abu gajere.

Duk wannan lokaci matan suna shiƙa ne, turamen na hutawa. Da suka gama, suka zuba sabuwar zangarniya, suka ɗauki tabare.

Wata 'yar Safana ta buga ta taho. Malam Musbahu ya sunkuya, ido kan buhu. Tim. Wani sanyi ya ratsa masa zuciya. Ga ƙarar da aka yi masa alkawari a Katsina, cikakkiya, mai nauyi, ba ta da shakka. Ya dunƙule hannu ya cilla sama.

"Awut."

Ya ɗan waiwayi rumfa ya ga ko an lura da salon. Mai bi mata ma, tim, awut. Da mata uku suka haɗu a turmi ɗaya suna lugude, babu yarinyar da ta sake kaiwa zangon farko da rai a lokacin, ta Batsari ko ta Safana. Ya kore su duka da adalci.

Abin da bai gani ba, tunda idonsa na kan ƙafa, shi ne Tasalla ta dakata ta dogara da tabaryarta tana kallonsa. Ta buga sau ɗaya, hannunsa ya tashi. Ta jira wata ta taho, ta hana matan bugawa, ya baza hannu. Ta yafito jikarta.

"Ke Nazifa, in ya ɗaga hannu shina cewa awo, mi ke nan?"

"An kori mai gudu ke nan, Iya."

"In ya baza kamar shaho fa?"

"Ta tsira."

"Ku waɗanne ne, masu koren hijabi?"

"Mu ne."

"To je ki abinki."

Tun daga nan sussukar Karare ta samu tsari irin wanda ba ta taɓa samu ba. In mai koren hijabi ce ke gudu, sai ka ga mata goma sun tsaya gyara ɗaurin zane a lokaci guda. In mai farin hijabi ce, Tasalla takan bari sai saura taku biyu, sannan ta sauke tabarya sau ɗaya, da natsuwa. Kafin azahar Batsari na da tara, Safana na nan kan ukun da ta samu a zamanin shiru. 'Yan kallo sun daina kallon fili, sun juya suna kallon turmi. Mutanen Safana, waɗanda ɗazu suke kiransa namu, yanzu suna tambayar juna ko buhun gero nawa ake sayen ɗan Zakka.

Malam Musbahu ya ɗauki hayaniyar a matsayin shaida. Ya san gaskiya ba ta da masoya.

Da aka tafi hutun shan ruwa, Malama Mahfuza ta same shi a gefe, ta rage murya.

"Malam, yarana ne ke ci, amma ba da hannunsu ba. Abin da kake ji ba ƙwallo ba ne. Turmi ne."

Ya yi murmushin wanda ya gano tarko.

"Malama, na san kujera ɗaya muke nema. Amma ban zaci za ki zo ki rikita ni a tsakiyar aiki ba."

"Ka ɗaga kai sau ɗaya kawai bayan ka ji ƙarar. Ita ce doka ta ukun."

"Shekara uku ina kwana ina tashi da ƙarar turmi a Zakka. In akwai wanda ya san turmi a jihar nan, ni ne. Wannan ƙarar fata ce."

"Fatar da aka cusa wa auduga?"

"Kimiyya ce, Malama. Sai an bi ta a hankali."

"To Allah ya ba da sa'a."

Aka dawo. Kafin Tasalla ta koma kan turminta, Safana ta samu yara biyu a kan zanguna, layi ya zagayo kan Asta. Ta buga ƙwallon ya gangara wajen zango na uku. Yarinyar da ke can ta tsince shi a firgice, ta wurga da duk ƙarfinta. Ƙwallon ya bi ta saman kan Nazifa da kamu biyar, ya wuce ta saman kan alƙali, ya shiga rumfa, ya sauka a cinyar Alhaji Yusha'u, cikin babbar riga, ba tare da wata ƙara ba.

Tasalla, wadda ita ma ƙafa take kallo, ta sauke tabarya.

"Awut," in ji Malam Musbahu, da murya mafi kyau da ya yi amfani da ita ranar. Har ya ƙara da ɗan tsalle.

Nazifa ta duba safarta ta kife ta, ba abin da ya faɗo. Asta na tsaye kan buhu da ƙafa biyu.

"Malam Musbahu," in ji Alhaji Yusha'u, "ɗan matso."

Ya matso yana gyara usur.

"Me ya fitar da yarinyar nan?"

"Ranka ya daɗe, ƙwallo ya riga ƙafa da kamar rabin daƙiƙa. Hukunci ne mai wuya, ido ba zai kama shi ba. Na ji shigarsa hannu sarai."

"Hannun wa?"

"Hannun mai tsaron zango, ranka ya daɗe."

Alhaji Yusha'u ya sa hannu cikin rigarsa ya ciro ƙwallon, ya ɗora shi kan teburi kusa da robar ruwa.

Malam Musbahu ya dubi ƙwallon. Ƙwallon bai taimake shi ba.

"Wataƙila akwai na biyu, ranka ya daɗe."

"Babu."

"To sauti wani lokaci yakan riga abin da ya haifar da shi isowa, in iska ta..."

"Tsaya nan yadda kake. Kada ka waiwaya." Alhaji ya ɗaga murya kaɗan. "Iya, sannu da aiki. Don Allah ɗan taɓa mana turmin nan sau ɗaya."

Tim.

Malam Musbahu ya rantse daga baya cewa bai ba hannunsa umarni ba. Amma mutum wajen ɗari uku sun ga hannun ya dunƙule ya tashi har kafaɗa kafin ɗaya hannun ya kamo shi. Dariyar ta fara daga wajen 'yan Safana, ta bi ta kan mai tsire, ta shiga rumfa. Ɗan bautar ƙasa, wanda ba ya jin Hausa, ya zauna a ƙasa yana share hawaye.

Aka kira Tasalla. Ta zo da tabaryarta, ta gaida Alhaji har da tambayar iyali.

"Iya, kin san abin da kike yi?"

"Gerona nike sussuka, Alhaji. Shi ya ce mini yau nan wurin shari'a ne. Na ga shari'ar tana bin tabaryata duk inda ta yi, na ce to bari in riƙa kai ta inda jikata take. Kai da ka samu alƙali a hannu, maƙwabta za ka ba?"

"Ba ki ji tausayin yaran Safana ba?"

"Su ma su zo da kakarsu."

Alhaji ya juya ga Malam Musbahu, wanda ke ƙoƙarin tura usur cikin ɗaya daga aljihunan nan huɗu.

"Malam, Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Ba a kai nan ba a kwas ɗin?"

"An kai, ranka ya daɗe," in ji Malama Mahfuza. "Ran Laraba."

Ita ta roƙa a soke sakamakon a sake wasan daga farko, duk da yaranta ne ke gaba. Aka ba malamar Safana riƙon 'yan Batsari da nata gaba ɗaya, Mahfuza ta karɓi alƙalanci, ta tsaya a gefen zangon farko, ta bar Tasalla ta yi ta sussukarta. Safana ta ci da ɗaya. Malam Musbahu bai ga ƙarshen ba, don ya tuna yana da uzuri a Zakka, sai dai bai samu babur ba sai bayan la'asar, ya yi zaman jiran a bakin hanya, inda duk wanda ya wuce sai ya ɗaga masa dunƙulallen hannu maimakon sallama.

Takarda ta fito bayan mako biyu. Teburi da fanka suka tafi ga Malama Mahfuza. Shi an gode masa, an kuma bar shi a Zakka, bango ɗaya da masu dakau, inda yake gaya wa duk mai saurare cewa ƙasar nan ba ta shirya wa kimiyya ba.

Shi kuwa Alhaji Yusha'u mutum ne mai gudun ƙarya a takardar gwamnati. A rahoton wasan farko da ya aika Katsina, a gurbin sunan alƙali, ya rubuta Tasalla.